Darasi na Tara: Kurket na Ranar Asabar da Ƙungiyar da Ke Riƙe da Shi

Yawancin mutanen Bolewa da sauran unguwannin Potiskum da suka taɓa ganin wasan kurket, a fim ɗin Indiya suka gan shi. Wasu za su tuna Lagaan, fim ɗin Aamir Khan na 2001, inda manoman wani ƙauye suka kara da hafsoshin Turawan mulkin mallaka a kan sharaɗin idan sun yi nasara za a yafe musu haraji. A fim da talbijin kurket yakan zo da taron dubban mutane da kuɗi masu yawa, har mai kallo ya ɗauka wasan manyan filaye ne. Amma mafi yawan kurket ɗin da ake bugawa a duniya babu kyamara a wurin. Malamin makaranta ne da tela da direba da akawu suke haɗuwa ranar Asabar ko Lahadi, su buga, su watse, ba a biya kowa ko sisi ba. A kan wannan wasa darasinmu zai tsaya, kuma abin da nake so in tabbatar muku shi ne cewa ƙungiyar manya masu sa kai, wadda ke haɗuwa mako-mako da kuɗinta da dokarta, ita ce ke raya wasa a gari. Makaranta tana iya koyar da wasa, gwamnati tana iya gina fili, amma in babu wannan ƙungiya, wasan yakan mutu ran da ɗalibi ya karɓi takardar shaidarsa.

Sai mu fara da sanin wasan kansa, don kada mu yi gardama a kan abin da ba mu gane ba. Ɓangare biyu ne, kowanne mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa mai tauri, tsawonsa yadi 22, wato kimanin mita 20, kuma a kowane ƙarshe an kafa turaku uku da 'yan ƙananan itatuwa biyu a bisansu. Ɓangare ɗaya yana duka, ɗayan yana jifa da tsaron fili. Masu duka biyu ne ke shiga a lokaci guda, kowa da faffaɗar sandarsa, ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan. Mai jifa ya sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo ba tare da ya lanƙwasa gwiwar hannu ya miƙe ta ba, yana neman ya kayar da turakun. Mai duka kuma ya kare su, ya maka ƙwallon inda babu mai tsaro. Idan ya buga, shi da abokinsa suka yi gudu suka sauya wuri, maki ɗaya ke nan. Ƙwallon da ta gangara ta fita iyakar fili maki 4 ce, wadda ta tsallake iyakar a sama kuwa maki 6. Mai duka yana fita idan jifa ta kayar da turakunsa, ko aka cafe ƙwallonsa kafin ta taɓa ƙasa, ko aka kayar da turaku yana tsakiyar gudu, ko ya tare da ƙafarsa ƙwallon da alƙali ya tabbata turakun ta nufa. Jifa 6 su ne turmi ɗaya, daga nan wani mai jifan ya karɓa daga ɗaya ƙarshen. In turamen da aka yanka sun ƙare, ko mutum 10 sun fita, sai a juya, masu jifa su koma duka. Wanda ya fi maki shi ya ci.

Wannan shi ne abin da ɗan kallo ke gani. Abin da ba ya gani ya fi yawa, kuma shi ne ya shafe mu. Kafin a yi jifar farko, wani ya nemi izinin fili wurin shugaban makaranta ko mai unguwa. Wani ya share zirin tsakiya, ya yayyafa ruwa, ya daddaɓe shi. Wani ya aika wa ɗaya ƙungiyar saƙo an tsayar da lokaci. Ma'aji ya bi mambobi ya karɓi kuɗin mako, ya sayi ƙwallo da ruwan sha, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. An samo alƙalai biyu da ɓangarorin suka amince da su, da magatakarda da zai rubuta kowace jifa. Kyaftin ya fuskanci aiki mafi ɗaci, wato gaya wa mutum na 12 cewa yau ba zai buga ba, alhali ya biya kuɗinsa kuma watakila ya girme shi. Duk wanda ya taɓa shiga adashi ya san irin wannan zama: abu ne da ke tafiya muddin kowa yana kawo zubinsa a kan lokaci, ranar da mutum uku suka ja baya kuwa, ya watse. A Ingila ma, inda aka rubuta tsofaffin dokokin wasan da aka sani a 1744, kurket ya bazu cikin ma'aikata sosai ne bayan sun sami lokaci da ƙungiya. Dokar masana'antu ta 1850 ta sa masaƙu suna tashi da ƙarfe 2 na rana ran Asabar, garuruwan masaƙa suka cika da kulob-kulob, har aka kafa gasar Lancashire a 1892, inda kowace ƙungiya ke da ƙwararre guda da ake biya, sauran goman duk masu sa kai.

Hujja mafi ƙarfi tana nan gida Arewa. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta koyar da kurket tun da wuri, kuma Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya buga shi, kamar yadda ya buga ƙwallon bango da ake kira fayif. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau, kuma ta yaye manyan da suka riƙe Arewa da ma ƙasar baki ɗaya. Idan da koyarwar makaranta da goyon bayan manya sun isa su dasa wasa, da kurket ya kafu a Katsina da Sakkwato da Kano fiye da ko'ina. Bai kafu haka ba. Ku dubi abin da ya faru da wasanni biyu da suka shigo a zamani guda da shi. Fayif, wanda wani malami Bature mai suna Hogben ya kawo a shekarun 1920, ya tsallake katangar makaranta ya shiga gari. Mutane suka gina bangonsa a unguwanni, suka ajiye ƙwallon Turawa suka ɗauki ƙwallon tanis, kuma har yau ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, ana neman Kofin Sardauna. Ƙwallon dawaki kuma ta sami Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, ta sami kulob a Katsina da Kano da Kaduna da Zariya, ta tarar da al'ummar da ta riga ta san doki. Wasanni biyun nan, ɗaya na talaka ɗaya na mai hali, abin da ya haɗa su shi ne kowanne ya sami manya da ke taruwa su buga shi da kansu bayan sun bar makaranta. Kurket a yawancin garuruwan Arewa bai sami wannan ba, sai ya tsaya a matsayin darasin motsa jiki, yana rayuwa in akwai malami mai sha'awa, yana ɓacewa in an yi wa malamin canjin wurin aiki.

A Legas labarin ya sha bamban. Tun 1904 'yan wasan Legas suka kara da na Gwalkwas, Ghana ta yau, kuma har yanzu kulob-kulob na birnin suna buga gasarsu a ƙarshen mako a filin kurket na Dandalin Tafawa Balewa. Daga irin wannan tushe ne, tare da aikin da aka yi a makarantun jihohi irin su Edo da Kaduna, Nijeriya ta samu shiga gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a Afirka ta Kudu a 2020, a zamanin da Farfesa Yahaya Adam Ukwenya, likitan tiyata na Jami'ar Ahmadu Bello, ke shugabancin hukumar kurket ta ƙasa. A Janairun 2025 kuma, a Maleshiya, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki 2, ƙasar da ta shafe fiye da ƙarni tana wasan. Abin alfahari ne, amma tambayar da ta dame ni ita ce inda yaran nan za su buga in sun kai shekara 25 ba su shiga tawagar ƙasa ba. Tawaga mutum goma sha kaɗan take ɗauka. Sauran ɗaruruwan, in babu kulob a garinsu, sun gama ke nan, alhali daga cikinsu ne ake samun masu horarwa da alƙalai da iyayen da za su kai 'ya'yansu fili.

Akwai masu cewa wannan wasan Turawan mulki ne, me ya haɗa mu da shi. Gaskiya ne su suka kawo shi, kuma sun kawo shi da manufar horar da 'ya'yan sarakuna a kan ɗabi'ar da suke so. Amma su suka kawo ƙwallon ƙafa, kuma babu yaron Dogo Nini ko Dogo Tebo da ke jin aron ta yake yi. Yau cibiyar kurket Indiya ce, sannan ga Pakistan da Bangaladash da Siri Lanka. Afganistan ma, wadda Ingila ba ta taɓa dasa wasan a cikinta ba, 'ya'yanta sun koyo shi a sansanonin gudun hijira na yankin Peshawar, suka koma da shi gida, suka sami cikakken matsayi a hukumar kurket ta duniya a 2017, suka kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya a 2024. Ga Musulmi kuma akwai wani sauƙi da ba kowane wasa ke da shi ba: da dogon wando da riga ake buga kurket, babu gogayyar jiki, kuma yana da tsayawa tsakanin turame da tsakanin juyi, yadda za a iya yanka lokaci a yi salla ba tare da an ɓata wasa ba.

Ƙorafin tsada ya fi wannan nauyi, kuma bai kamata a raina shi ba. Ƙwallon kurket ta asali fata ce a kan toto mai tauri, nauyinta kusan giram 160, tana iya karya yatsa ko haƙori. Saboda haka mai duka yana buƙatar hular kwano da safar hannu da makarin ƙwauri, sandar kuma daga wani icce na musamman ake sassaƙa ta, daga waje ake shigo da ita. Da canjin kuɗi na yau, kayan mutum ɗaya sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Sai dai matasan Karachi sun warware wannan tun shekarun baya: suka ɗauki ƙwallon tanis suka naɗe ta da salatif ɗin masu gyaran wuta, ta yi santsi da sauri amma ba ta raunata mutum. Da ita ake buga wasa a titunan Pakistan, kuma manyan masu jifan ƙasar da yawa da ita suka fara. Da irin wannan ƙwallo ba a buƙatar hula ko makari, kuma kafinta zai iya fitar da sanda daga katako mara nauyi, ya fere turaku shida. Fili ma Allah ya hore mana. Abin da Ingila ke wahala a kai, wato busasshiyar ƙasa mai tauri da rana marar ruwa, shi muke da shi daga Nuwamba har Fabrairu. Abin da ya rage mai wuya a gaskiya shi ne samun wurin, domin filayen makarantu da na unguwa suna ta shigewa cikin gine-gine, kuma ƙungiyar da ke da suna da shugabanni da takarda ta fi taron yara ƙarfin cewa a bar mata fili.

Sai batun lokaci. An san kurket da wasan kwana biyar, kuma ba mai hankalin da zai nemi ɗan kasuwar hatsi ko mai sayar da shanu a kara ya bar sana'arsa haka. Amma tun 2003 aka fito da gajeren salo na turmi 20 ga kowane ɓangare, wanda ke ƙarewa cikin kamar awa uku, shi ne kuma za a buga a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, bayan rabon kurket da gasar tun 1900. Ƙungiyar unguwa tana iya yanka turmi 10, ta fara bayan La'asar ta gama kafin Magariba. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, hankali shi ne a koma safiya ko a tafi hutu. Abin da ya fi buƙatar tunani shi ne ita kanta ranar. Asabar da Lahadi hutun ma'aikacin gwamnati ne da ɗan boko. A garin da arzikinsa ke kan kasuwa da manyan motoci, direba yana hanya, ɗan kasuwa yana bin ranakun kasuwannin ƙauye, safiyar Asabar ta ɗaurin aure ce da Islamiyya, almajiri kuwa hutunsa Alhamis da Juma'a ne. Ƙungiyar da ta kwafi jadawalin Legas ba tare da ta zauna ta tambayi mambobinta ba, za ta wayi gari ma'aikatan ofis kaɗai ke cikinta, wato ta maimaita kuskuren da ya tsare kurket a cikin kwaleji.

Mai gardama na ƙarshe shi ne wanda na fi girmamawa, domin yana cewa ai muna da ƙwallon ƙafa, kowace unguwa da ƙungiyarta, ga Yobe Desert Stars a Damaturu, ga langa da kokawa namu na gado. Na yarda da shi fiye da rabi. Duk abin da na faɗa game da ƙungiya ya hau kan langa daidai yadda ya hau kan kurket, kuma in wannan darasi ya sa wasu suka kafa ƙungiyar langa mai rajista da ma'aji da jadawali, ya biya. Amma akwai giɓin da ƙwallon ƙafa ta bari. Mutum yana kaiwa shekara 35 gwiwa da numfashi suke sallamarsa, ya koma ɗan kallo a gidan kallon ƙwallo, yana jayayya a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen da ba su san da shi ba. A kurket ɗan shekara 50 yana iya tsayawa a ƙungiya ɗaya da ɗansa ɗan 15, domin jifa mai murɗawa dabara take so fiye da ƙarfi, kuma haƙurin mai duka yakan fi saurinsa amfani. Wuraren da uba da ɗa ke haɗuwa a ƙarƙashin doka ɗaya, alƙali ya ɗaga yatsa ya fitar da uban kuma ya fita ba musu ɗan yana kallo, ba su da yawa a rayuwarmu. Ga masu fama da hawan jini da ciwon suga kuma, waɗanda likita ke ce wa su motsa jiki amma suna jin nauyin a gan su suna gudu a titi, wannan hanya ce da ba ta zubar da girma.

Akwai kuma abin da ya sa wasan ya dace da ajinmu na yaƙi da jahilci musamman, wato littafin maki. Babu jifar da ke wucewa ba a rubuta ta ba: ɗigo in ba a sami komai ba, lamba in an samu, alama in an fitar da mutum. A ƙarshe dole jimillar makin masu duka, haɗe da makin kurakuran jifa, ta yi daidai da jimillar da aka rubuta wa ɓangaren, in ba ta yi ba a koma a nemo inda aka yi kuskure. Lissafin kanti ke nan ba ragi. A ce ɓangaren farko ya ci 120 a turmi 20, wato 6 a kowane turmi. Na biyu ya kai turmi 10 yana da 45. Yana buƙatar 76 don ya wuce, a turmi 10 da suka rage, wato fiye da 7 da rabi a kowanne. Kyaftin da ya iya wannan rabawa a ka ya san lokacin da zai ce wa mutanensa su saki hannu, wanda bai iya ba kuwa sai ya farga an gama. Macen da ta koyi rubutu a wannan aji tana iya riƙe littafin, kamar yadda 'yan matan makarantun garin nan za su iya riƙe sandar.

Ba zan ɓoye haɗari biyu ba. Na farko caca ce. Kurket ya sha kunya a kanta, har kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, Hansie Cronje, ya amsa a shekarar 2000 cewa ya karɓi kuɗin 'yan caca, aka haramta masa wasa har abada. Yanzu da caca ta shigo wayar kowane matashi, tilas tsarin mulkin ƙungiya ya hana ta tun layin farko, ko da ta kwalbar lemo ce. Na biyu rarrabuwa ce. A Bombay an daɗe ana buga babbar gasa da ƙungiyoyin da aka raba bisa addini da jinsi, Turawa daban, Farisawa daban, Hindu daban, Musulmi daban, Mahatma Gandhi ya yi suka a kanta, amma ba a daina ba sai 1946. Potiskum gari ne na Bolewa da Ngizim da Karekare da Hausawa da Fulani da Barebari da baƙi daga kudu, mai fadoji biyu, ta Fika da ta Pataskum, kuma ya ɗanɗana baƙin ciki a harin kasuwar shanu na Mayun 2012, da na makarantar Mamudo a Yulin 2013, da na kwalejin kimiyya da fasaha a Nuwamban 2014. Garin da ya yi shekaru mutane suna tsoron taro ya san darajar a tsaya a fili da yamma hankali kwance. Ruwanda ta gane haka, shi ya sa tun 2014 take shirya gasar kurket ta mata mai suna Kwibuka don tunawa da kisan ƙare dangi na 1994, kuma Nijeriya na zuwa. Amma wasa ba ya haɗa kan mutane don kansa. Yadda aka tsara ƙungiyar ne ke haɗawa ko rabawa. Ƙungiyar da aka kafa a kan unguwa ko sana'a ko makaranta, ƙofarta a buɗe ga duk mai biyan kuɗin mako, daban take da wadda aka kafa a kan yare, ko da sanda ɗaya suke riƙewa.

Aikin wannan mako a rukuni za a yi shi, mutum biyar-biyar. Kowane rukuni ya ɗauka zai kafa ƙungiyar wasa a unguwarsa, kurket ko langa ko wanda ya zaɓa. Ku rubuta sunan filin da za ku nema da wanda za ku nemi izini wurinsa, da rana da lokacin da ya dace da sana'o'in mutanenku, tare da dalili. Ku je kasuwa ku tambayi kuɗin ƙwallon tanis biyu da salatif da littafin rubutu, ku tambayi kafinta kuɗin sanda biyu da turaku shida, ku haɗa jimilla, ku raba ta ga mambobi 22. Sannan ku rubuta dokoki biyar, ɗaya daga ciki ta faɗi abin da za a yi wa mamban da ya yi mako uku bai biya ba, ɗaya kuma ta faɗi wanda zai duba littafin ma'aji da kuma sau nawa a shekara. A zama na gaba kowane rukuni zai karanta nasa a gaban aji, sauran su yi masa tambayoyi.